Kamu, Yadi da El: Yadda Ake Juya Awon Tufa

'Yan'uwa, ranar da muka tsaya gaban yara da darasin awo, lalle wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kamu nawa ne a yadi?" Amsar da ke bakinmu ita ce biyu. Amma kafin mu faɗa, ya kamata mu san inda biyun nan ta samo asali, da inda takan yaudari mutum.

Kakanninmu da jikinsu suke awon tufa. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya, shi ne Larabawa ke ce wa zira'i. Gaba kuwa shi ne tsakanin hannu biyu in mutum ya buɗe su sarai, watau kamar kamu huɗu. To, aibin wannan awo ɗaya ne: Allah bai yi hannun mutane daidai ba. In kamun mai saye ya fi na mai sayarwa da inci 2, aka auna kamu 30, bambancin ya kai inci 60, fiye da yadi ɗaya da rabi ke nan. Gardamar kasuwa daga nan take tasowa.

Kada mu zaci a ƙasarmu kaɗai aka yi wannan fama. Turawa ma da suna da wani awon tufa da suke kira el, asalin kalmar kuwa hannu ne, kamar kamunmu. Amma kowace ƙasa da nata. El na Ingila inci 45 ne, na Sikotlan kamar inci 37, na Filandas kuwa, ƙasar masaƙa wadda yawancinta ke cikin Beljiyam yanzu, inci 27 ne kacal. Suna ɗaya, tsawo uku.

Dabarar juyawa ba ta da wuya. A mai da kowane awo zuwa inci tukuna, sa'an nan a raba da incin awon da ake nema. Yadi inci 36 ne, kamu kuwa a lissafi an tsai da shi a inci 18, shi ya sa muke cewa kamu biyu yadi ɗaya.

Ga misali. Wani falke ya sayi tufa el 20 na Filandas. 20 sau 27, inci 540 ke nan. In muka raba da 36, mun sami yadi 15. In muka raba da 18, kamu 30. In muka raba da 45, sai mu ga el 12 ne kurum na Ingila. To, da falken nan ya biya kuɗin el 20 yana zaton na Ingila ne, watau inci 900 ko yadi 25, ya yi hasarar yadi 10 cur, alhali ba wanda ya yi masa ƙarya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Irin wannan ruɗu ne ya sa hukumomi suka tsai da awo guda. Ingila ta yi doka a 1824 wadda ta sa yadi ya zama tushen awon tsawo. A 1959 kuma aka daidaita shi da awon mita, aka ce yadi ɗaya santimita 91.44 ne, inci kuwa santimita 2.54. Saboda haka mai neman mita sai ya ninka incinsa da 2.54, ya raba da 100. Tufan falkenmu ya zama mita 13.7 da ɗan ɗoriya.

Tun muna makarantar allo muka ji gargaɗin da aka yi wa masu tauye awo. Yaran da za a danƙa mana, waɗansu teloli za su zama, waɗansu 'yan kasuwa. Mu koya musu ninkawa da rabawa, amma mu fara da tambayar nan: kamun wa, el na wace ƙasa? Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu cika awo.