Yadda Kiɗan Tango Ya Isa Japan da Ƙasar Sin

Shi dai tango kiɗa ne da rawa da suka tashi a unguwannin talakawan Buenos Aires da Montevideo a ƙarshen ƙarni na 19, amma abin kiɗan da ya zama ruhinsa, wato bandoniyon, daga Jamus aka kawo shi. Akwati ne mai zugazugi a tsakiya da maɓallai 71, galibinsu kuwa sautin da suke bayarwa in an ja dabam yake da wanda suke bayarwa in an matsa, saboda haka ba ya koyuwa sai da malami da dogon haƙuri.

A Japan, faifan garmaho ne ya riga makaɗa isa, domin a shekarar 1926 wani basarake mai suna Megata ya komo daga birnin Paris da faya-fayan tango, ya shiga koya wa manyan mutanen Tokyo rawar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hukuma ta haramta kiɗan Amurka da na Ingila, amma da yake Ajantina ba ta cikin abokan gaba a lokacin, sai tango ya tsira, makaɗa suka raja'a a kansa. Bayan yaƙi Shinpei Hayakawa ya kafa ƙungiyar makaɗa a 1947, matarsa kuma, Ranko Fujisawa, ta ƙware wajen rera waƙa da harshen Sifaniyanci, har ta je Buenos Aires a 1953, masu abin da kansu suka yi mata tafi. Daga nan ziyarar manyan makaɗan tango ta buɗe: Francisco Canaro ya zo Japan a 1961, Osvaldo Pugliese a 1965, almajirai suka yawaita, silsilar kuwa ba ta yanke ba har ta kai ga Ryota Komatsu, gwanin bandoniyon wanda aka haifa a 1973.

Al'amarin Sin kuwa ya sha bamban. Tango ya shiga gidajen rawa na Shanghai tun wajen 1930, inda da yawa daga makaɗan baƙi ne, Rashawa da mutanen Filifin. Sai dai bayan juyin juya halin 1949 an rufe gidajen, sa'an nan zamanin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, ya ƙarasa abin da ya rage. Amma akodiyon, ɗan'uwan bandoniyon, ya sami karɓuwa ƙwarai a waɗannan shekarun, domin mai sauƙin ɗauka ne, ana shiga da shi bariki da masana'antu da ƙauyuka. Sa'ad da aka buɗe ƙofofin ƙasa, sai ga ɗimbin gwanayen akodiyon a shirye, su ne suka rungumi kiɗe-kiɗen tango na Astor Piazzolla, daga baya wasunsu suka koma ga bandoniyon.

Dalilin bambancin a bayyane yake: fanni irin wannan daga hannun malami yake wucewa zuwa hannun almajiri. Japan ta riƙe silsilarta, shi ya sa ta yi nisa. Sin tata ta yanke, sai da ta sake ƙullawa ta hanyar akodiyon.