Haƙa rami kusa da wayar lantarki

Paraku da Jugu manyan garuruwa ne a arewacin ƙasar Benin. Paraku ce hedikwatar jihar Borgu, Jugu kuma ta jihar Donga. Tsakaninsu akwai tafiyar kusan kilomita 135. Tun zamanin da, fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a wannan yanki. Yau garuruwan sun bunƙasa. Ana gina gidaje, ana shimfiɗa kwalta, ana yin lambatu. Duk waɗannan ayyuka da haƙa ƙasa ake fara su. Amma a ƙarƙashin ƙasa akwai abin da ido ba ya gani: wayar lantarki.

Daga ina wutar take zuwa?

Wutar lantarki, wadda ake kira kuran, tafiya take yi cikin waya kamar yadda ruwa yake bin bututu. A shekarar 1968 ƙasashen Togo da Benin, wadda a lokacin ake kira Dahome, suka kafa hukumar CEB domin su haɗa kai a kan sha'anin lantarki. Akwai wata babbar waya da ta taso daga Kara ta ƙasar Togo, ta bi ta Jugu, ta isa Paraku. Kamfanin da yake rarraba wuta a gidaje da shaguna shi ne SBEE. Kamfanin ruwan famfo kuwa shi ne SONEB.

Yawancin wayoyi a sama suke, bisa turaku. Amma akwai waɗanda ake binnewa. Ana binne waya idan za ta ratsa titi, ko za ta shiga asibiti, ko makaranta, ko wani babban gida. Binnewa tana kare ta daga iska da faɗuwar itace. Sai dai wayar da aka binne, mutane sukan manta da ita.

Me ya sa take da haɗari?

Ana auna ƙarfin wuta da bolt. Wutar gida bolt 220 ce, kuma ta isa ta kashe babban mutum. Wasu wayoyin da suke rarraba wuta a garuruwa suna ɗauke da bolt 33 000. Wannan ya ninka wutar gida sau 150.

Cikin waya akwai jan ƙarfe ko alminiyum, an lulluɓe shi da roba. Robar ce take tsare wutar a ciki. Idan bakin diga ko dagi ya huda robar, wutar ta sami hanyar fita. Jikin mutum kuwa cike yake da ruwa, saboda haka wuta tana ratsa shi cikin sauƙi. Takan shiga ta hannu, ta bi ta ƙirji, ta fita ta ƙafa zuwa ƙasa. A kan hanyarta tana iya tsayar da zuciya. Tana iya ƙone nama har can ciki. Babbar waya kuma takan yi tartsatsi mai tsanani, ya ƙone fuska da hannuwa, ya kama tufafi.

Ƙotar itace ba kariya ba ce. Gumi da laimar ƙasa suna jiƙa ta. Da damina haɗarin ya fi yawa, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana wuce da wuta.

Yadda ake binne waya

Ma'aikatan lantarki suna da ƙa'ida. Sukan haƙa rami mai zurfin kusan santimita 80. Su zuba yashi mai laushi, su shimfiɗa wayar, su sake rufe ta da yashi. Can sama da ita sai su shimfiɗa wata raga ta roba, sannan su cike ramin. Wannan raga gargaɗi ce ga mai haƙa. Launinta yana faɗin abin da yake ƙasa:

Ja: wayar lantarki.
Shuɗi: bututun ruwan sha.
Kore: wayar tarho da intanet.

Amma ba kowace waya ce take da raga ba. Wasu mutane sukan jawo wuta daga gidan maƙwabci, su binne wayar sama-sama, ba yashi, ba alama. Ruwan sama kuma yakan zaizaye ƙasa, waya ta matso kusa, wani lokaci har ta fito fili. Saboda haka rashin ganin raga ba ya nufin babu waya.

Kafin a sa diga

Mai hankali ba ya fara haƙa sai ya yi abu uku.

Na farko, ya duba wurin. Waya mai saukowa daga jikin turke ta shige ƙasa alama ce. Haka akwatin lantarki a bakin titi, da fitilun hanya waɗanda ba a ga waya a tsakaninsu ba, da allo mai zanen tsawa.

Na biyu, ya tambaya. Mai gida, da maƙwabta, da mai unguwa sukan san inda aka taɓa haƙawa. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, idan aikin a bakin titi ne ko kusa da turke, ya je ofishin magajin gari da na SBEE. Ma'aikatan ne za su nuna hanyar da waya ta bi. Akwai ma na'urar da take gano waya daga saman ƙasa. Sai a ja layi da fenti ko a kafa duwatsu, kowa ya gani.

Lokacin haƙa

Kusa da inda ake zaton akwai waya, ana ajiye diga da dagi. Da shebur ake aiki, sannu a hankali, ana kwashe ƙasa daga gefe. Ba a caka shebur da ƙarfi, ba a kuma taka shi da ƙafa. Mai haƙa ya sa takalmin roba. Kada ya yi aiki shi kaɗai, kada kuma ya yi da dare.

Idan ya ga jar raga, ko ya tarar da tsabtataccen yashi a tsakiyar jar ƙasa, ya tsaya nan take. Duk wayar da aka gani, a ɗauka da wuta a cikinta. Ko an ɗauke wuta a unguwa, ana iya maido ta ba sanarwa.

Idan an sari waya

Mai haƙa ya saki kayan aikinsa, ya fita daga ramin. Ya yi tafiya da ƙananan taku, ƙafafunsa kusa da juna, domin ƙasar wurin tana iya ɗaukar wuta. Kowa ya ja baya kamar mita 10. A hana yara da dabbobi matsowa. A sanar da SBEE. Ko ƙwarzane kawai aka yi wa robar, kada a rufe ramin a yi shiru. Ruwa zai shiga, wata rana wutar ta kama wani wanda bai san komai ba.

Idan wuta ta kama mutum, ba a taɓa shi da hannu. Wanda ya taɓa shi, shi ma za ta kama shi. Idan wayar gida ce, a kashe wutar daga akwatinta tukuna. Idan babbar waya ce, sai ma'aikata sun yanke wutar. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 118. Bayan haka a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, domin zuciya tana iya samun matsala daga baya. Nono ko manja ba sa maganin kamun wuta.

Aikin yara

Yara ba sa haƙa ramin masai ko harsashin gini, amma sukan ɗebo ƙasa, su dasa itatuwa a makaranta, su yi wasa a ramukan ma'aikata. Ɗalibi nagari ba ya shiga ramin da aka haƙa a bakin titi. Ba ya jan wayar da ta fito daga ƙasa, ba ya yankar ta don ya sayar da ƙarfen. Idan ya gan ta, ya gaya wa malam ko wani babba. Idan ya ga babansa ko yayansa zai kafa rumfa kusa da turke, ya tuna masa cikin ladabi: «Baba, an tambaya ko akwai waya a nan?» Rigakafi ya fi magani.

Sababbin kalmomi

wayar lantarki: câble électrique
turke: poteau
raga mai gargaɗi: grillage avertisseur
diga: pioche
shebur: pelle
ƴan kwana-kwana: sapeurs-pompiers

Tambayoyi

1. Me ya sa ake binne wasu wayoyi?
2. Me jar raga take nufi? Shuɗiya fa?
3. Waɗanne abubuwa uku ake yi kafin a fara haƙa?
4. Don me ba a taɓa mutumin da wuta ta kama?
5. Wace lamba ake kira idan haɗari ya auku?