Ruwa Ta Ƙasa, Tururi Ta Sama

Wanda duk ya taɓa tasowa daga Tsafe da tsakar rana cikin watan Afrilu, ya bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ya ratsa Gusau ya nufi Bungudu, alhali zafi ya haura digiri 40, ba sai an yi masa sharhin ni'imar iska mai sanyi ba. Sai dai a manyan gine-gine irin asibiti da masaƙa, hidimar ta fi ƙarfin ƴar na'urar da ake liƙawa a bango. Wani babban akwatin ƙarfe ake girkawa, fanka ta jawo iska cikinsa, ta bi da ita kan naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ma'aikata ke kira kwayil, kana ta rarraba ta ɗaki-ɗaki. Willis Carrier ne ya ƙago asalin hikimar a 1902, saboda wata maɗaba'a a Amurka da laima ke ɓata wa takarda, kuma Gusau, garin auduga da saƙa, ta san kishiyar wannan illa, domin busasshiyar iskar hunturu tsinka zare take yi.

To, a nawa ganin, lafiyar wannan akwati tana hannun mai haɗa bututu, wanda ba a cika ba shi girmansa ba, domin wajibi ne ya san ɗabi'ar abubuwa biyu masu saɓani. Ruwan sanyi, wanda kan shiga da kamar digiri 7 ya fito da 12, ta ƙasa ake shigar da shi ya fita ta sama, yana tafiya gaba da gaba da iskar fanka, a kuma sa ƴar ƙofar shaƙatawa a can ƙololuwa, don kada iska ta maƙale ta tare masa hanya. Sannan a lulluɓe bututun ruf, in ba haka ba ya dinga tsattsafo kamar sabuwar randa har rufin ɗaki ya ruɓe.

Shi kuwa tururi, wanda ake ɗumama iska da shi, sha'aninsa ya fi hatsari. Ta sama yake shiga, da zarar ya ba da zafinsa sai ya koma ruwa, ruwan nan kuwa tilas ya sami gangara zuwa wani tarko da ake ɗaurawa kamar inci 12 ƙasa da kwayil, wanda ke sakin ruwa ya tsare tururi. Idan aka yi sakaci ruwan ya kwanta, tururi mai gudu kan kwashe shi ya maka a kusurwa, a ji ƙara kamar maƙeri na dukan uwar maƙera, wani lokaci har bututu ya tsage.

Akwai kuma amanar da idon mai gini ba ya kaiwa gare ta, wato kowane bututu a yi masa nasa madogari kada nauyinsa ya hau wuyan kwayil, a bar masa sararin miƙewa tunda ƙarfe na ƙara tsawo in ya ji zafi, a sa rariya gaban kowane bawul saboda tsatsa da ɓarɓashin walda, a kuma bar mahaɗa mai kuncewa daf da akwatin, yadda ranar da ƙurar hunturu ta toshe kwayil za a zare shi a wanke ba tare da an sa zarto ba.