Mage, rumbu da yashin tsakar gida

A Tabotaki, kamar sauran garuruwan Adar da ke tsakanin Buza, Keita da Madawa, ba don ado ake ajiye mage ba. Aikinta tsaron rumbu. Duk wanda ya tara dammunan hatsi bayan kaka ya san ɓarnar kusu, ya kuma san amfanin mussa, kamar yadda ake kiran ta a wannan yanki. Zaman nata da mu ya daɗe. Masana sun gano cewa daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ta fito, kuma hatsin da manoman farko suka fara adanawa ne ya jawo ta kusa da mutane, tana bin ɓeraye. A tsibirin Saifurus an tono kabarin mutum da mage a gefensa, wanda ya kai shekara 9,500.

Abin da ba mu cika magana a kai ba shi ne inda take yin kashi.

A Turai da Amurka, yawancin masu mage suna aje mata akwati cikin ɗaki. A 1947 ne Edward Lowe, wani mazaunin jihar Mishigan, ya fara sayar da busasshen yumɓu mai tsotse danshi domin zubawa a akwatin, kuma har yau ana cinikinsa. Wasu a can sukan gaji da kwashewa, su nemi koya wa magen fita waje. Mu nan babu mai sayen ƙasa saboda mage, dama a waje take yi. Sai dai wajen nan tsakar gidanmu ne, inda ake shanya, ake girki, yara ke rarrafe.

Mage tana son ƙasa mai laushi, busasshiya, wadda za ta tona da ƙafa ta binne abin da ta yi. Ƙasar Adar kuwa dutse da tsakuwa sun yi mata yawa. To ina za ta sami laushi? Yashin da mata ke shimfiɗawa a ɗaka, tarin yashin gini a ƙofar gida, ƙarƙashin rumbu, buhun dusa da aka bari a buɗe, da fangalin albasa ko salati a garka. Dukkansu wurare ne da hannun mutum ko bakin dabba ke kaiwa.

Illar ba wari kawai ba ce. Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, Toxoplasma gondii, wadda Charles Nicolle da Louis Manceaux suka gano a Tunis a 1908. Sai wajen 1970 aka tabbatar cewa a hanjin mage da danginta kaɗai take yin ƙwai. Mage kan kamu idan ta ci ɓera ko tsuntsu mai ɗauke da ita, daga nan ta riƙa zubar da miliyoyin ƙwai a kashinta na tsawon sati ɗaya zuwa uku, galibi tana ƙarama. Zafin rana da bushewa na kashe su, amma a ƙasa mai danshi da inuwa, irin ta garka ko gindin randa, suna iya yin watanni, har fiye da shekara.

Mutum ma yana kamuwa da ita, sai dai yawancin masu lafiya ba sa ma sanin sun kamu. Wadda nake ji wa tsoro ita ce mace mai ciki da ta kamu karo na farko, domin cutar na iya ratsawa ta kai ga ɗan tayi, ta jawo ɓari, ko a haifi yaro da lahani a ido ko ƙwaƙwalwa. Tumaki da awaki ma suna ɓari idan suka ci dusa ko harawar da ta gurɓata, kuma a gidan da akuya ce ajiyar uwargida, wannan asara ce babba. Kada a ɗora wa mage laifin duka: naman da bai gasu ba, ganyen da ba a wanke ba da ruwa marar tsabta su ma hanyoyi ne. Malamanmu sun daɗe da bambancewa, cewa ragowar ruwan da mage ta sha ba najasa ba ne, amma kashinta da fitsarinta najasa ne. Korar ta daga gida ba magani ba ne, kusu kawai za a yi wa gata.

Maganin shi ne a ba ta wurinta. A zaɓi lungu a bayan gida, nesa da murhu, randa, rumbu da turken dabbobi, inda kare ba zai firgita ta ba. A haƙa ɗan rami marar zurfi, a cika shi da yashi mai laushi na gulbi. Idan ƴar ƙarama ce aka kawo, a tsare ta kwana kaɗan a ɗaki da tsohon daro mai yashi, a riƙa ɗora ta a kai bayan ta ci abinci da kuma in ta tashi barci. Ba ta da wuyar koyo, tun tana da sati uku ko huɗu take fara tona ƙasa da kanta. In ta saba, kullum a ja daron kaɗan zuwa ƙofa, sannan tsakar gida, har ya isa lungun. A nan sai a juye yashin da ta yi amfani da shi cikin ramin, warinsa zai riƙa kiran ta. Gaggawa ce ke ɓata aikin, haka ma duka, don magen da aka doka ɓuya take koya, ta koma yi a bayan gado. Inda ta yi kuskure a kwashe ƙasar duka, a jera duwatsu ko ƙaya. Yashin gini a lulluɓe shi, buhun dusa a ɗaure bakinsa, da dare kuma a bar mata kafar fita.

Akwai rangwame guda da ya kamata kowace uwa ta sani. Ƙwan cutar ba ya kama mutum ranar da ya fito, sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa. Don haka kwashewa kullum da shebur, a zuba a masai, a wanke hannu da sabulu, yana yanke yawancin haɗarin. Wannan aikin maigida ne ko wani babba, ba na mai ciki ba, ba kuma na ƙananan yara ba. Da damina a kafa wa ramin ɗan rufi na kara ko guntun kwano, a canza yashin in ya jiƙe, domin da zarar ya zama laka mage za ta koma neman busasshen yashin da ke cikin ɗaki.