Tsumagiya da Lallashi a Makarantun Dawakin Tofa

Duk wanda ya bi ta ƙofar wata firamare a ƙasar Dawakin Tofa da hantsi, musamman da damina, sa'ad da gero da dawa suka rufe hanyoyin ƙauye, da wuya ya rasa ganin yara a bakin ƙofa, wasu na kamun kunne, wasu na tsallen kwaɗo, malami kuwa yana tsaye a kansu da tsumagiya. Laifinsu makara. In ka tambayi malamin, zai ce maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin mamaki, masu cewa a ajiye bulala su ma da wannan karin magana suke kafa hujja, domin a ganinsu tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Abin da ake kira horo ta hanyar lallashi ba shi ne a saki yaro sakaka ba. Manufarsa ita ce malami ya zauna da ɗalibai su tsara ƙa'idojin aji tare, ya yaba wa wanda ya kyautata a gaban 'yan'uwansa, ya keɓe mai laifi ya binciki dalilinsa, sa'an nan ya sa shi gyara ainihin abin da ya ɓata. Na ga wani malami da ya gaji da dukan wani yaro mai yawan makara da faɗa, ran nan ya kira shi gindin darbejiya ya tambaye shi, ashe yaron sai ya kai wa mahaifinsa taki gona a kan jaki kafin ya taho, kuma ko koko bai sha ba. Malamin ya je ya ga uban, ya kuma naɗa yaron monita mai riƙe alli. Makarar ba ta ƙare gaba ɗaya ba, amma faɗan ya ƙare.

Malamai da yawa suna ɗaukar wannan hanya al'adar Turawa ce da ƙungiyoyi suka kawo, alhali kuwa malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun daɗe da tattauna ta. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 870 Miladiyya, ya ƙayyade a cikin Adabul Mu'allimina cewa kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kada kuma ya yi duka cikin fushi. Ibnu Khaldun ya ware fasali guda a Muƙaddimarsa yana bayyana yadda tsanani ke koya wa almajiri ƙarya da yaudara da kasala. Gaba da duk wannan, Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hidima shekara goma bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba.

Amma fa wajibi ne a yi wa malamai adalci, domin galibinsu ba ƙin tausasawa suke yi ba. Tun da gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, yara suka ƙara cika azuzuwa, har malami guda ya sami kansa da ɗalibai ɗari ko fiye, mafi yawansu a ƙasa. Yaya zai keɓe kowane mai laifi ya ji damuwarsa cikin darasin minti talatin da biyar? Ga kuma iyayen da ke ganin malamin da ba ya duka rago ne. An sa hannu a dokar kare yara ta jihar a 2023, an kuma ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, sai dai malamin da aka ce ya ajiye tsumagiya yana tambaya, kuma tambayarsa tana bisa hanya: me za a ba shi a madadinta, wa zai koya masa, yaushe kuma za a raba masa ajin biyu?