Ko Ka Sani? Matacin da Ke Cikin Wayarka

Ko ka san cewa iskar da ke kaɗawa a Ƙofar Wambai, cikin garin Bauchi, cike take da saƙonni? Na rediyo, na talabijin, na Wi-Fi, ga kiran dubban mutane, duk suna dukan eriyar wayarka lokaci guda. Abin da ke hana su cakuɗewa wani ɗan mataci ne da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, wanda zangon da aka ƙera shi dominsa kaɗai yake bari ya wuce.

Da MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya a 2001, zango biyu aka ba su: megahaz 900 da 1800. Na 900 ya fi cin nisa, ya fi ratsa katangar ƙasa irin ta cikin gari. Na 1800 kuma ya fi ɗaukar jama'a. Dole waya ta ji duka biyun, ta toshe kunne ga abin da ke tsakaninsu.

Yaya ake yi? Ga ɗaya daga cikin hanyoyin. Ka ɗaure tsirkiya biyu a jikin molo da sauti ɗaya, ka kaɗa guda, za ka ji ɗayar tana amsawa. Haka injiniyoyi ke jera siraran layukan tagulla kusa da juna, kowanne an yanka tsawonsa daidai da zangon da ake so, sai saƙo ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Wanda bai dace ba a hanya yake mutuwa. Tazarar da ke tsakanin layukan ita ce komai: a matso su, hanya ta yi faɗi, a ware su, ta ƙuntata. Wani injiniya, Seymour Cohn, ya shimfiɗa lissafin wannan a 1958.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar zango biyu. Irin wannan layi yakan amsa zangonsa, ya kuma amsa ninkinsa, ko ana so ko ba a so. A 1980 wasu Japanawa biyu, Makimoto da Yamashita, suka nuna cewa idan aka yi wani ɓangaren layin da faɗi, wani siriri, ana iya gusar da amsa ta biyun zuwa inda ake buƙata. Da haka mataci guda ke iya hidimar gigahaz 2.4 da 5 na Wi-Fi.

A kan turakun sabis kuwa, matatan akwatunan alminiyam ne masu ramuka, ana saita kowane rami da ɗan noti kafin su bar masana'anta.