Idan Kwamfuta da Na'urar Awo Suka Ƙi Jin Juna

A ɗakunan gwaje-gwaje da dama har yau ana amfani da tsohuwar mitar awon lantarki ta HP 34401A. Awo take yi lafiya ƙalau, amma ranar da aka ce a jona ta da kwamfuta don ta riƙa aika sakamako da kanta, ranar ake shan fama. Da an ga shiru sai a ce na'ura ta lalace, ko a ɗora wa manhaja laifi. Galibi duk biyun lafiyarsu lau, matsalar tana tsakaninsu, kuma irin alamar da ta bayyana ita ke nuna inda za a duba.

Idan shiru ne gaba ɗaya, a fara da waya. A mahaɗar RS-232 mai tsinke 9, tsinke na 3 ke aikawa, na 2 ke karɓa, na 5 kuma shi ne na ƙasa. Da kwamfutar da wannan mita duk haka tsarinsu yake, don haka wayar da ta tafi miƙe tana haɗa baki da baki, kunne da kunne. Ana bukatar wadda aka gitta 2 da 3 a cikinta, ga shi kuma ido ba ya bambance wayoyin biyu daga waje, sai an auna. Akwai gwaji mai sauƙi: a cire mitar, a haɗa tsinke na 2 da na 3 a ɓangaren kwamfuta, a buɗe manhajar PuTTY a buga harafi. In ya dawo kan allo, kwamfuta ta fita daga zargi. A kuma duba lambar COM, domin in da adaftar USB aka jona, takan canja lamba idan an sauya mata rami.

Wani abin da ake yawan mantawa: daga masana'anta an saita mitar ne kan wata mahaɗar daban, GPIB, adireshi na 22. Sai an shiga maɓallan gabanta an zaɓi RS-232 kafin ta saurara.

Idan kuwa amsa na zuwa amma haruffan shirme ne, to waya ta yi nata. Saiti ne bai daidaita ba. Gudun aikawa na 9600 yakan zo ɗaya, sai dai kwamfuta ta saba da bit 8 ba alamar tantancewa, ita kuwa mitar ta zo da bit 7, da tantancewar cika, da bit 2 na tsayawa.

Kada a fara da dogon shiri. A aika *IDN? kawai, tambayar da ke cikin ƙa'idar IEEE 488.2 ta 1987, wadda ke neman na'ura ta faɗi sunanta. Dole a rufe umarnin da alamar sabon layi, in ba haka ba mitar za ta zauna jiran ƙarashen magana har lokaci ya ƙure. In ta amsa da HEWLETT-PACKARD,34401A, sai a aika SYST:REM kafin a nemi awo, don ta wannan mahaɗa ba ta karɓar umarnin awo na READ? sai an fara miƙa ragamarta ga kwamfuta.